Batirin da Ya Ƙona Katifa: Daga Pazhou Zuwa Kano

A tsakiyar watan Oktoba na 2019 ina masauki a Xiaobei, unguwar da baƙi 'yan Afirka ta Yamma da dama ke sauka a birnin Guangzhou, wanda 'yan kasuwarmu ke kira Gwanzu, sai ga saƙon murya daga Kano. Ɗan ƙanwata ne, yaro ɗan shekara goma sha huɗu, wanda tun yana ƙarami ba a ajiye rediyo kusa da shi a dawo a same ta yadda aka bar ta. Bayan gaisuwa ya ce, "Kawu, don Allah in za ka dawo ka taho min da batir irin na cikin laftof, guda goma. Mota nake haɗawa, da fanka." Ban gama murmushi ba sai ga saƙon mahaifiyarsa a biye. Ita ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Yaya, kada ka kawo masa komai. Shekaranjiya Allah ne Ya kiyaye, da yanzu wani zancen ake yi. Ya jona batir a caji ya tura ƙarƙashin katifa, sai hayaƙi muka gani."

Washegari na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Pazhou, inda aka buɗe babbar kasuwar baje kolin nan ta Canton Fair, da maganganun nan biyu a kaina. Uwa tana da gaskiya, don gida aka kusa rasawa. Yaro ma yana da tasa gaskiyar, don ba ɓarna ya nufa ba, ƙira yake koyo. Abin da na kasa amsawa a lokacin shi ne: me ya sa mu da muka tashi muna wasa da batir, muna fasa shi, muna lasa, bai taɓa ƙona mana ko tsumma ba, amma wannan ɗan ƙaramin abu ya nemi tayar da gobara? Amsar ta bi da ni ta cikin tarihin tsibirin da nake tsaye a kansa.

Pazhou tsibiri ne a cikin Kogin Lu'ulu'u, gabas da tsohon garin Guangzhou. Sunan ya fito ne daga pipa, wani abin kiɗa na Sinawa mai tsirkiya, kamar garayarmu, don an ce siffar wurin ta yi kama da shi. In ka fito daga filin baje kolin ka ɗaga kai, za ka hangi wata tsohuwar hasumiya mai kusurwa takwas a kan tudu. An fara gina ta a 1597, aka gama a 1600, zamanin daular Ming, kuma da ita matuƙan jiragen ruwa ke gane cewa sun iso. A 1757 sarkin Sin, Qianlong, ya taƙaita cinikin Turawan da ke zuwa ta teku, ya ce Guangzhou kaɗai za su riƙa tsayawa. Manyan jiragensu ba sa ƙarasawa cikin gari, a nan gefen tsibirin suke jefa anga, a mashigar da Turawa suka riƙa kira Whampoa. Nan jirgin Amurka na farko da ya zo ciniki Sin, mai suna Empress of China, ya tsaya a 1784.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin wurin shi ne yadda ake karɓar jirgi. Kafin a sauke ko akwati ɗaya, sai shugaban kwastan, wanda Turawa ke kira Hoppo, ko wakilansa, sun hau jirgin sun auna tsawonsa da faɗinsa, a kan wannan awon ake yanke kuɗin shiga. Sannan kowane jirgi sai ya samu wani babban ɗan kasuwa na gari da zai tsaya masa, in baƙo ya yi ba daidai ba shi za a kama. Duk wanda ya ji labarin fataken goro na Gwanja ya san wannan tsari, shi ne aikin fatoma a zango. Su ma Turawan ba su yarda da daɗin baki ba: kamfanin Ingila mai cinikin gabas ya ajiye masu ɗanɗana shayi a Guangzhou, suna gwada samfur kafin a biya. Tsarin ya rushe bayan yaƙin ofiyam, da yarjejeniyar Nanjing ta 1842 da ta tilasta wa Sin buɗe tashoshi biyar. Amma darasin yana nan. Cinikin nesa ba ya tsayawa sai da awo, in babu awo ya zama cinikin biri a sama.

Ita kasuwar baje kolin ba a Pazhou aka fara ta ba. An buɗe ta a cikin gari a watan Afrilu na 1957, lokacin da Sin ke neman kuɗin waje ido rufe. A 1974 ta koma titin Liuhua, daga baya aka gina mata wannan makeken fili, zuwa 2008 ta tattaro kaf ta dawo Pazhou. Sau biyu ake ci a shekara, a Afrilu da Oktoba, kowane ci kashi uku, kuma kashin farko shi ne na kayan lantarki da fitilu da injuna. Ba kasuwar saye ɗai-ɗai ba ce. Samfur ake gani, a karɓi kati, a yi maganar kwantena.

To amma tun kafin wani Bahaushe ya san hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Guangzhou, garin ya riga ya shiga ɗakunanmu. Batirin nan mai hoton kan damisa, Tiger Head, da muka tashi da shi, a Guangzhou ake yin sa, kuma masana'antar tana ƙirga tarihinta tun daga 1928. Da shi mahaifinmu ke jin BBC da Muryar Amurka da Jamus da rediyon Kaduna. Da shi tocilar ƙarfe ke haska hanyar masallaci da asuba, sa'ad da sauran gida ke kan fitilar ƙwai da aci-bal-bal. In ya yi sanyi sai a shanya shi a rana, ko a ɗan bubbuga shi, ya ƙara kwana biyu. In ya mutu ɗungurungum yara su fasa shi, a kwashe baƙin garin ciki a shafe allon makaranta. Ƙarfinsa bolt 1.5 ne, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin turin wuta. Mafi munin abin da zai yi maka shi ne ya yi yoyo ya cinye ƙarfen cikin rediyo. Wannan batir ya koya mana hali guda: saya, yi amfani, jefar. Bai taɓa neman mu san wani abu game da shi ba.

Batirin litiyam daban ne, kuma tarihinsa da gobara aka fara shi. Mako guda kafin in tsaya a Pazhou, ranar 9 ga Oktoba 2019, aka sanar da ba mutum uku kyautar Nobel ta ilimin sinadarai saboda shi. Na farko Stanley Whittingham, ɗan Ingila, wanda ya yi aiki da kamfanin mai na Exxon a shekarun 1970, lokacin da tsadar fetur ta girgiza duniya. Shi ya haɗa batir mai caji da ƙarfen litiyam, wanda shi ne mafi rashin nauyi a cikin ƙarafa, ga shi da ɗaukar wuta mai yawa. Matsalar ita ce in ana ta caji, ƙarfen yakan tsiro da wasu 'yan allurai a ciki, su huda siririn labulen da ya raba ɓangarori biyu na batirin, sai wuta ta tashi. A 1980 John Goodenough, Ba'amurke da ke aiki a Oxford, ya gano cewa haɗin litiyam da kobal yana ba da kusan bolt 4. A 1985 Akira Yoshino, ɗan Japan a kamfanin Asahi Kasei, ya cire zallar ƙarfen litiyam ɗin, ya sa wani irin gawayi da ake samu daga ragowar tace man fetur. Da wannan aka samu batirin da za a iya sa wa mutum a aljihu. Waɗanda suka yi gaggawa da tsohuwar hanya sun ɗanɗana kuɗarsu: a 1989 batirin wani kamfanin Kanada mai suna Moli ya kama da wuta a cikin wayar hannu a Japan, aka janye kayan, kamfanin ya durƙushe. A 1991 Sony ya fito da sabon batirin kasuwa. Goodenough yana da shekara 97 aka ba shi kyautar, babu wanda ya taɓa karɓar Nobel da ya kai shi tsufa.

Ka lura, ba kashe wutar aka yi ba, ɗaure ta aka yi. A 2006 Sony da kansa sai da aka janye miliyoyin baturansa na laftof. A 2016 Samsung ya dakatar da wayarsa Galaxy Note 7 gaba ɗaya saboda tana kamawa da wuta. In kamfanoni masu ɗakunan gwaji da dubban injiniyoyi suna tuntuɓe a kan wannan abu, ina ga yaro da cajar waya da salatif a ɗaki a Kano?

Daga Japan sana'ar ta gangaro kudancin Sin, a kewayen wannan kogi. A 1995 Wang Chuanfu ya kafa BYD a Shenzhen yana yin batura masu caji, tun kafin kamfanin ya shiga ƙera motoci. A 1999 aka kafa ATL, mai masana'anta a Dongguan, tsakanin Guangzhou da Shenzhen. Kewaye da manyan sai ƙanana suka tsiro ba iyaka, masu yin tocila, masu yin caja, masu yin kwanson roba. Shekarar 2001 ce ta haɗa wannan duniya da tamu. A watan Agusta wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya, a watan Disamba Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya. Kwatsam miliyoyin mutane suka mallaki abin da ke buƙatar caji kullum, a ƙasar da wuta ba ta zuwa kullum. NEPA ta zama PHCN a 2005, a 2013 aka sayar da rabon wutar ga kamfanoni, na Kano ya zama KEDCO, amma mai cajin waya da ƙaramin janaretansa bai rasa ciniki ba. Nan 'yan kasuwarmu suka ga ƙofa, jiragen Addis Ababa da Dubai suka cika da masu zuwa Gwanzu.

Wani abu kuma ya taimaka, wato ƙwan fitila na LED. Bayan Shuji Nakamura ya fito da shuɗi mai haske sosai a Japan a 1993, aka samu hanyar yin fari, wanda ke ba da haske da 'yar wuta kaɗan. Fitilun caji na farko da suka cika kasuwar Sabon Gari batirin dalma ne a cikinsu, ga nauyi ga saurin mutuwa. Da litiyam ya yi araha sai ya maye gurbinsa a tocila, da fanka mai caji, da rediyon MP3, da fitilar sola, da fawa banki. Yau in ka shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko babbar kasuwar Maraɗi, da wuya ka ɗaga wani abu mai caji ba ka same shi a ciki ba. Mafi yawa shi ne mai siffar 'yar gora da ake kira 18650, sunan kuwa awonsa ne, kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Tsofaffin laftof 'yan gwanjo sukan zo da guda shida a cikin kwanson batirinsu. Daga nan ɗan ƙanwata ya ciro nasa.

A rumfunan Pazhou na ga batura jere kamar alawa, kowanne da takardar bayaninsa: ƙarfinsa, iyakar cajinsa, zafin da yake jurewa. Kwana biyu bayan haka, a wata kasuwar kayan lantarki can cikin gari, na ɗauki wani 18650 mai jar riga an rubuta masa 9900 mAh. Wannan lamba ita ce ke nuna yawan wutar da batir ke ɗauka, kamar a ce faɗin cikin tulu. A lokacin, mafi kyawun da manyan kamfanonin Japan da Koriya ke yi bai wuce 3,500 ko kusa da haka ba. Na ce wa mai shagon ya ɗora min a sikeli. Na gaske yakan kai giram 45 ko ya ɗan ɗara, nasa ko 30 bai cika ba. Bai ji kunya ba, dariya ma ya yi. Ya danna wani abu a wayarsa ya nuna min fassarar: "Lamba nawa kake so a rubuta?" Da na nuna masa ban ji daɗi ba, ya sake dannawa: "Mutanenku ne ke cewa a rubuta babba."

Maganar ta yi min zafi, don na san akwai gaskiya a cikinta. Na sha zama ana shan shayi a masauki ina jin ɗan'uwa yana cewa a rage inganci a bar kwali yadda yake, ai mutanen gida araha suke so. Shi zai ci riba ya hau jirgi, kayan kuma su ƙare a ɗakin wata tsohuwa a ƙauye, ko a hannun yaro irin namu. Araha ba ta ado. Shadda mara kyau ido zai gane ta, takalmi mara kyau ƙafa za ta gane shi, amma ƙaryar batir tana cikin kwanso, sai sikeli da mita. A tsibirin da aka yi kusan shekara ɗari ba a sauke kaya sai an auna jirgi, mu mun zo muna saye da ido da baki.

Da na kira yaron na ce ya faɗa min abin da ya yi tiryan-tiryan, sai na gane ko da batirin na gaske ne da haka za ta faru. Ya yanke kan wayar caja, ya fere jar waya da baƙa, ya manna su kai tsaye a kai da gindin batir da salatif. A tunaninsa ai haka waya ke caji. Abin da bai sani ba shi ne cajar waya bolt 5 take bayarwa, kuma a cikin kowace waya akwai ɗan allo mai tsaron ƙofa, wanda ke rage wutar ya kuma yanke ta in batir ya cika. Batirin litiyam irin wannan yana zaune ne a kan bolt 3.7. Cikarsa 4.2, ba a wucewa. In an wuce, allurar nan da ta addabi Whittingham sai ta fara tsirowa, ruwan da ke ciki kuma mai kamawa da wuta ne, zafi ya haifi zafi har abin ya fi ƙarfin kowa. A ƙasa ma akwai iyaka: in aka tatse shi ya sauka ƙasa da 2.5 ya daɗe a haka, ya lalace a ciki, sake yi masa caji haɗari ne. Ga shi kuma ya tura shi ƙarƙashin katifa don kada uwarsa ta gani, inda zafi ba shi da mafita.

Maganin wannan duka ɗan allo ne da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, wanda ake kira TP4056 da sunan ƙwayar da ke kansa, kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Yana karɓar bolt 5 daga caja, ya tura wa batir wuta daidai gwargwado, har amfiya ɗaya, in an kai 4.2 ya tsaya a nan yana rage turi har ya yanke. Jar fitila tana nufin ana caji, in ta koma shuɗiya ko koriya ya cika. Akwai mai ƙarin kariya, wanda ke yanke wuta in batir ya yi ƙasa da yawa ko wayoyi sun haɗu, shi ya kamata a nema. Amma na batir ɗaya ne. In yaro ya jera biyu ko uku kai da gindi don ya samu ƙarfin juya babbar mota, to wani allon daban ake sa wa, wanda ke lura da kowane batir shi kaɗai, don kada ɗaya ya cika ya wuce iyaka alhali ɗan'uwansa bai cika ba. Sauran ƙa'idojin na hankali ne. Ba a caji a kan katifa ko cikin rana, balle a zafin Afrilu na Kano da ke haura digiri 40, sai a kan siminti, kuma da mutum a kusa. Ba a sa batir tsirara a aljihu tare da makulli ko kwabbai. Ba a daɗe da ƙarfen narka dalma a kansa, gara a sa shi a gidansa na roba. Wanda ya kumbura, ko rigarsa ta yage, ko ya yi zafi a hannu, ya gama aiki, a fitar da shi daga ɗaki.

Batura goman da ya roƙa kuwa ban kawo ba, kuma ba don uwarsa kaɗai ba. Tun 1 ga Afrilu 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana ɗaukar baturan litiyam a matsayin kaya a cikin jiragen fasinja. Matafiyi ma ba ya sa fawa banki ko batir tsirara a jakar da za ta shiga ƙarƙashin jirgi, sai a jakar hannu, a rufe bakinsa, kuma ba tare da izini ba kada ya wuce awon 100 Wh, wato kusan 27,000 mAh. Daga ƙarshen Yuni 2025 Sin ta ƙara da cewa fawa bankin da ba shi da tambarin inganci na CCC ba zai hau jiragenta na cikin gida ba. Mai shirin zuwa sarin kaya ya riƙe wannan, don a filin jirgi ake ƙwacewa. Tun da zancen fawa banki ya zo, ga wani lissafi da zai raba ku da rigima da masu shago. Lambar 10,000 da ke jiki an ƙirga ta ne a kan bolt 3.7 na batirin ciki. Kafin a ɗaga wutar zuwa bolt 5 da waya ke karɓa ta koma wajen 7,400, a cire asarar zafi, abin da zai shiga wayarka bai fi dubu shida da 'yan kai ba. Wannan ba cuta ba ce, haka abin yake. Cuta ita ce ɗan ƙaramin abu mara nauyi da aka rubuta wa 50,000.

Abin da na sa a jaka shi ne mitar gwajin wuta guda ɗaya, allunan caji masu kariya guda goma, gidajen batir na roba, da ɗan sikeli irin na masu sayar da zinare. Duka ba su kai kuɗin takalmin da na saya masa a zuwan da ya gabata ba. Da na isa Kano sai da na fara da uwar. Ta ce, "Yaya, ni fa tsoro nake ji." Na ce mata tsoronta yana kan hanya, amma ta tuna abin da ya kai batirin ƙarƙashin katifa. In an hana shi a fili zai koma yi a ɓoye, ɓoyon kuwa shi ya kusa cinye gidan. Muka yi sharaɗi uku a gabanta: a tsakar gida zai riƙa caji a kan siminti, ba zai jona batirin da bai auna ba, ba zai kwanta barci ya bar abu a wuta ba. Na zauna da shi yamma guda muna auna baturan da ya tara. Ya riƙe jan tsinke a kai, baƙi a gindi, yana karanto lamba. Daga cikin goma sha ɗaya, huɗu suka nuna ƙasa da bolt 2. Ya ce, "Kawu, waɗannan fa sababbi ne a ido." Na ce to, ka ga amfanin mita ke nan.

Na rubuta wannan ne saboda mu da ke waje, ko a Jidda muke ko Landan ko Accra ko nan Gwanzu, mun saba aika wa gida abin da ke caji: fitilar sola ga Hajiya, fanka ga mai jego, motar wasa ga yara. Muna aikawa da halin da batirin Tiger ya koya mana, na saya a miƙa a manta. Kayan sun canza, halin bai canza ba. Kafin ka aika, ka duba nauyi, ka duba lambar da aka rubuta ko ta yi kama da gaskiya, ka kuma ɗauki minti biyar a waya ka faɗa wa wanda zai karɓa inda ake caji da inda ba a yi. In akwai yaro mai kwance rediyo a gidanku, kada ka tsaya a saya masa abin wasan da aka gama haɗawa, ka haɗa masa da mita.

Akwai kuma abin da ya wuce tsaron gida. Fiye da rabin kobal ɗin duniya daga Kongo ake haƙo shi. Litiyam ɗin kansa yanzu ana haƙarsa a Nijeriya, har a 2024 aka buɗe masana'antar tace shi a jihar Nasarawa, da jarin Sinawa. Dutse yana fita daga ƙasarmu a buhu, ya dawo mana a kwali da lambar da wani ya ga dama ya rubuta. Abin da ke tsakanin buhun da kwalin sani ne, sanin kuwa da awo yake farawa. Shenzhen ma da masu haɗa kayan wasu ta fara.

Bayan wata biyu da komawata sai ga hoto ya shigo. Wata fanka ce da aka yi da motar tsohon DVD da murfin bokiti, an ɗaure ta a jikin katako, ga ɗan allon caji da shuɗiyar fitilarsa a kunne, a kan simintin tsakar gida. A gefe ga mita tana nuna 4.19. A ƙasa ya rubuta, "Kawu, ta cika ta tsaya da kanta." Daga baya uwarsa ta faɗa min cewa fankar a ɗakinta take kwana in an ɗauke wuta, kuma maƙwabta sun fara kawo masa tocilolinsu da suka daina caji. Wai kafin ya taɓa komai sai ya ɗauko mita, in ya ga abin da bai yi masa ba ya ce, "Baba, wannan batirin a fitar da shi waje."